Kalmar "you" a Ingilishi: tambayoyin da masu koyo suka fi yi da amsoshinsu

Duk wanda ya koyar da Ingilishi a ƙasar Hausa ya san akwai tambayoyin da ba sa ƙarewa a kan wannan 'yar kalma mai harafi uku. Ɗalibin sakandare yana yi, ma'aikacin ofis yana yi, mai fassara ma bai tsira ba. Na tattaro waɗanda aka fi maimaitawa, na amsa kowace gwargwadon nauyinta. Abin da nake so a riƙe tun daga farko shi ne Hausa ta fi Ingilishin yau wadata a wannan fanni nesa ba kusa ba, don haka Bahaushe yana zuwa aji da sanin da zai amfane shi, in dai ya gane inda zai aza shi.

Malam, me ake nufi da "mutum na biyu" a nahawu?

Kowace magana tana da mai faɗa, da wanda ake faɗa wa, da wanda ake zancensa. Su ne mutum na ɗaya, na biyu da na uku. Wanda ya ɗauki karatun nahawun Larabci a zaure ya san su da mutakallim, mukhaɗab da ga'ib. Mutum na biyu shi ne mukhaɗab, wato wanda aka fuskanta da magana. A Hausa wakilan sunansa su ne kai, ke da ku, tare da danginsu: ka, ki, kana, kina, kun, naka, taki, naku. A Ingilishin yau duk abin da ke akwai bai wuce biyar ba: "you", "your", "yours", "yourself" da "yourselves".

Da gaske kalma ɗaya ce take tsayawa a madadin kai, ke da ku?

Da gaske. "You are late" tana iya zama ka makara, kin makara ko kun makara. Ba ta nuna jinsi, ba ta nuna adadi, ba ta ma sauya kama tsakanin mai aikatawa da wanda aka aikata wa. "I" takan koma "me", "he" ta koma "him", amma "you" tana nan yadda take a "you saw me" da "I saw you". Wuri ɗaya kaɗai bambancin tilo da jam'i ya tsira, tsakanin "yourself" da "yourselves".

Jinsi kuwa, Ingilishi bai taɓa bambanta shi a mutum na biyu ba, ko a zamanin da. Faransanci ma ba ya yi a wakilin sunan, haka Yarbanci da Igbo da Fulatanci. Hausa da Larabci suna yi, kuma a lura da yadda suka yi kama: littafinka da littafinki, kitabuka da kitabuki. Masana harshe ba su ɗauke shi a matsayin aro daga Larabci ba. Gado ne da harsunan biyu suka yi daga kaka ɗaya, domin dukansu 'yan babban gidan harsunan Afirka da Asiya ne.

Tun asali haka Ingilishi yake?

A'a, asara ya yi. Tsohon Ingilishi, wanda aka yi kafin shekara ta 1100, yana da kalmar tilo da ake furtawa "thu", da ta jam'i da ake furtawa "ye". Har kalma ta musamman yake da ita ta mutum biyu, "git", wato ku biyun nan, kamar yadda Larabci ke da antuma. Wannan ta ɓace wajen ƙarni na 13.

Abin da ya rage zuwa zamanin tsakiya gida biyu ne tsaf. Na tilo: "thou" in shi ne mai aikatawa, "thee" in shi aka aikata wa, sai "thy" da "thine" na mallaka. Na jam'i: "ye" ga masu aikatawa, "you" ga waɗanda aka aikata wa, sai "your" da "yours". Ke nan "you" ta faro ne da ƙaramin aiki, irin na ku ɗin da ke cikin na gan ku. Aikatau ma yana da nasa ƙarshen da ke bin "thou": "thou art", "thou hast", "thou shalt", "thou knowest".

Sauyin ya biyo bayan shekarar 1066, lokacin da Normawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi a ƙarƙashin Wiliyam. Faransanci ya zama harshen fada da kotu da manyan mutane sama da shekara 200. A Faransanci kuwa, kamar yadda 'yan'uwanmu na Maraɗi da Zinder suka sani tun daga firamare, "tu" ta yaro ce da aboki, "vous" ta jama'a ce da kuma mutum ɗaya da ake girmamawa. Turawan Ingila suka ɗauki wannan ɗabi'a. Daga ƙarni na 13 aka fara ce wa babban mutum ɗaya "ye" da "you", daidai da yadda ɗan Hausa mai tarbiyya zai ce wa surukinsa, Baba, kun tashi lafiya? Zuwa ƙarni na 16 "you" ta ture "ye" daga wurinta, ta haɗa aikin mai aikatawa da na wanda aka aikata wa.

To me ya kashe "thou"?

Tsoron saɓa wa mutane ne ya kashe ta. Da zarar jam'i ya zama alamar girmamawa, tilo sai ya zama na mutane iri uku: wanda ka shaƙu da shi ƙwarai, wanda ke ƙasa da kai, da wanda kake son wulaƙantawa. A birni kamar Landan, inda fatake da masu sana'a suke ta yin arziki har ba a iya gane matsayin baƙo daga tufafinsa, abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne a ce wa kowa "you". Wanda aka girmama fiye da matsayinsa ba ya ƙorafi.

Shari'ar Walter Raleigh a 1603 ta nuna yadda kalmar ta zama makami. Babban lauyan gwamnati, Edward Coke, yana tuhumarsa da cin amanar sarki, sai ya yi ta jifansa da "thou", har ya faɗa a fili cewa da gangan yake yi: "I thou thee, thou traitor". Ma'ana, na ce maka kai ɗin, kai maci amana.

Waɗanda suka tsaya kai da fata don kare "thou" su ne 'yan ɗariƙar Kwaika, wadda George Fox ya kafa a tsakiyar ƙarni na 17. Hujjarsu ta addini ce: mutum ɗaya mutum ɗaya ne a gaban Allah, kiransa da jam'i ƙarya ce da kuma ciyar da girman kai. A 1660 Fox da abokansa biyu suka fitar da littafi sukutum a kan wannan batu, suna kawo misalai daga harsuna masu yawa. Sun sha duka da ɗauri a kan wannan da kuma ƙin cire hula a gaban manya. Ɗaya daga cikinsu, Thomas Ellwood, ya rubuta a tarihin rayuwarsa yadda mahaifinsa ya yi masa duka, ya kuma yi barazanar zubar masa da haƙora in ya sake ce masa "thou" ko "thee". Duk wanda ya tashi a gidan da ba a ce wa uba kai zai fahimci zafin da dattijon ya ji, ko da bai yarda da dukan ba.

Naci irin na Kwaika bai ceci kalmar ba. Zuwa ƙarshen ƙarni na 17 ta fita daga daidaitaccen Ingilishi na yau da kullum, ta rage a addu'a da waƙe da kuma bakin mutanen wasu yankuna. Har yau a Yokshaya da Lankashaya, a arewacin Ingila, ana jin tsofaffi suna cewa "tha" da "thee" tsakanin abokai da 'yan gida.

Me ya sa ake cewa "you are" ko da mutum ɗaya ne, ba a cewa "you is"?

Saboda kalmar jam'i ce tun fil azal, kuma ta taho da aikatau ɗinta na jam'i. Mu ma idan muka ce wa dattijo ku, sai mu ce kun zo, ba mu cewa ku ka zo. A ƙarni na 18 masu ilimi da yawa sun yi ƙoƙarin dawo da bambancin ta wata hanya: "you was" ga mutum ɗaya, "you were" ga jama'a. Robert Lowth, wanda daga baya ya zama bishop na Landan, ya yi tir da "you was" a littafinsa na nahawu na 1762, makarantu kuma suka bi shi. Ana jin ta har yanzu a titunan Landan da wasu sassan Amurka, amma a jarrabawa kuskure ce. A rubuta "you are", "you were", "you have".

Na ga "thou" da "thee" a fassarar Alƙur'ani da Littafi Mai Tsarki. Kalmomin girmama Allah ne?

Haka mutane da yawa suke zato, har da Turawan kansu, amma asalin abin akasin haka ne. "Thou" ita ce ta tilo, ta kusanci, wadda ba ta ɗauke da wani ado. William Tyndale, wanda ya fitar da Sabon Alkawari da Ingilishi a 1526, ya yi amfani da ita ne domin Girkanci da Ibrananci, harsunan asali na Littafi Mai Tsarki, suna bambanta tilo da jam'i, yana so mai karatu ya ga bambancin. Fassarar da Sarki James ya sa aka yi, wadda ta fito a 1611, ta bi sahunsa. A Yohanna 3:7 ana magana da mutum ɗaya, Nikodimu, sai aka ce "I said unto thee", amma abin da aka faɗa masa ya zo da "ye", domin ya shafi mutane duka. Da kalmar ta mutu a kasuwa da gida, ta rage a coci kaɗai, sai kunnen mutane ya fara jin ta a matsayin mai tsarki.

Masu fassara Alƙur'ani na farkon ƙarni na 20, Marmaduke Pickthall a 1930 da Abdullah Yusuf Ali wanda tasa ta fara fitowa a 1934, sun ari wannan salo. Ana yawan sukarsu da cewa Ingilishinsu ya tsufa, kuma gaskiya ne yana wahalar da ɗalibi. Amma ina ganin ba a yi musu adalci in ba a faɗi abin da salon ya kiyaye ba. A duba farkon Suratuɗ Ɗalaƙ. An kira Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi kaɗai, sannan aikatau ya zo da jam'i. A Hausa abin a bayyane yake: ya kai Annabi, idan kun saki mata. Pickthall ya sa "ye" a wurin, mai karatu ya gane hukuncin na al'umma ne. Ingilishin zamani da "you" ɗinsa guda ba ya iya nuna wannan da kansa. Shi ya sa Muhammad Abdel Haleem, a fassararsa ta 2004, yake yawan saka kalmar Annabi cikin baka a wuraren da ake magana da shi shi kaɗai.

Bahaushe ba ya buƙatar wannan dabara. Yana cewa Kai kaɗai muke bauta wa, da tilo, ba tare da ya ji ya rage wa Ubangiji komai ba.

Ba rashin kunya ba ne in ce wa mahaifina ko shugabana "you"?

Ko kaɗan. Wannan ce tambayar da ta fi damun ɗalibai masu tarbiyya, har wasu sukan yi ta kewaye-kewaye don kada kalmar ta fito daga bakinsu a gaban babba. A kwantar da hankali: "you" ita ce kalmar girmamawar da ta rage bayan ta raini ta mutu. Da ita ake magana da jariri, da ita ake magana da Sarkin Ingila.

Sai dai akwai abin da ya fi wannan muhimmanci, kuma a nan ne namu suke tuntuɓe. Da Ingilishi ya rasa wakilin suna na ladabi, ladabin bai ɓace ba, ya koma cikin ginin jimla. Ɗalibi zai shiga ofishin malaminsa ya ce "Sign my form", a ransa yana fassara a sa mini hannu, ranka ya daɗe, amma abin da kunnen mai Ingilishi ya ji umarni ne tsirara. Umarnin Ingilishi yana ɗauke da "you" a ɓoye, kuma ba shi da wata siffa mai laushi kamar yadda muke sassauta zauna ta koma ku zauna ko a zauna. Sassaucin yana zuwa ne ta hanyar mayar da umarni tambaya. "Can you sign this?" ta fi taushi, "Could you sign this, please?" ta fi ta, "Would you mind signing this?" kuma ita ce ta gaban manya. Wanda ya iya waɗannan uku ya iya kaso mafi girma na ladabin Ingilishi.

A kula kuma da jimlar da ta fara da "you" sannan laifi ya biyo baya. "You didn't send the letter" yatsa ce a fuska. Ma'aikacin da ya goge zai ce "The letter hasn't arrived yet". Mu ma haka muke yi: ba a aiko takardar ba tukuna. Kiran mutum da "You!" ko "Hey, you!" kuwa daidai yake da a daka wa babba kai! ko ke! a bainar jama'a.

A manyan wurare akan kauce wa "you" ta hanyar laƙabi: "Your Excellency" ga gwamna ko jakada, "Your Majesty" ga sarki, "Your Honour" ga alƙali a kotuna da yawa. Aikatau ɗin da ke binsu na mutum na uku ne, "Your Excellency is welcome". Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tunda mukan tsaya gaban mutum mu ce Malam zai sha ruwa? ko Hajiya ta zo lafiya?

Idan ina magana da mutane da yawa, yaya zan nuna su duka nake nufi?

A daidaitaccen Ingilishi a ƙara kalma: "you all", "all of you", "both of you", "you two". Waɗannan suna shiga ko'ina, har wasiƙar ofis.

A bakin jama'a kuwa kusan kowane yanki ya ƙera tasa, abin da ke nuna cewa masu harshen da kansu suna jin giɓin. Kudancin Amurka suna da "y'all", birnin Pittsburgh yana da "yinz", a Ayalan da Sikotlan da Libaful da Ostareliya ana jin "youse", wasu sassan Ayalan har yau suna riƙe da tsohuwar "ye". "You guys" ta bazu a Amurka har ana faɗa wa taron mata zalla. A Ingila akwai "you lot". Burokan ɗin Najeriya yana da "una", wadda ta fito daga "unu" ta Igbo. Ita wannan kalmar ta ƙetare teku tare da mutanen da aka kwasa bauta ta Bonny da Kalaba, shi ya sa har yau ake jin "unu" a Jamaika.

Gargaɗi ɗaya. A Najeriya "you people" fassarar ku ce kawai, ba ta da wani dafi. A Amurka da Ingila tana iya zama zagi, domin ana jin ta kamar an ware wata ƙabila ko wani launin fata an ce ku ɗin nan. Ɗan takarar shugabancin Amurka Ross Perot ya sha suka a 1992 saboda ya yi amfani da irin wannan lafazi a gaban taron babbar ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata. Wanda zai yi karatu ko aiki a can ya bar ta a gida.

Wani lokaci Bature yana cewa "you" amma ba da ni yake ba. Da wa yake?

Da kowa. A saurari ɗan ƙwallon Firimiya bayan an ci su a minti na ƙarshe: "You work hard all week and then you lose like that." Ba ɗan jaridar ne ya sha wahalar atisaye ba, shi ne. Ya ɗauki abin da ya same shi ya mayar da shi abin da kan sami kowa. Wani bincike da masana a Jami'ar Michigan suka wallafa a mujallar Science a 2017 ya nuna mutane sun fi komawa ga irin wannan "you" lokacin da suke ƙoƙarin ciro darasi daga wani abu mai ɗaci da ya faru da su.

Hausa tana da hanya biyu a nan. Akwai ka ta karin magana: in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Akwai kuma a, an da ana, waɗanda Ingilishi ba shi da takwararsu sosai. "You can't park here" ma'anarta ba a ajiye mota a nan. Kalmar "one" tana yin wannan aiki a rubutu mai nauyi, "one must be careful", amma a hira tana sa mutum ya yi kama da ɗan gidan sarautar Ingila. Abin gudu shi ne tsalle tsakaninsu a jimla guda, a fara da "one", a koma "you", a ƙare da "they".

Malaminmu ya hana mu rubuta "you" a insha'i. Dokar ta kowane rubutu ce?

Ba ta kowane rubutu ba ce, kuma ina fata malamai su riƙa faɗin dalili tare da dokar. A rubutun bincike na jami'a da maƙalar da ake auna hujjoji, ana guje mata ne domin tana ɗora wa mai karatu abin da wataƙila bai shafe shi ba. Ɗalibar da ta rubuta "when you are pregnant you need more iron" ta sa farfesan da ke duba aikinta cikin masu juna biyu. "Pregnant women need more iron" ta fi daidai, kuma ta tilasta wa marubuciya ta faɗi ainihin waɗanda take nufi.

Amma a jarrabawar WAEC da NECO akwai wasiƙa, akwai jawabi, akwai muhawara, dukansu kuma magana ce da wani. Wasiƙa zuwa ga ƙani da babu "you" a cikinta ba ta da rai. Haka umarnin amfani da magani ko na'ura, da girke-girke, da sanarwar gwamnati. Amurka ta yi dokar rubutu mai sauƙi a 2010, kuma jagororin da ma'aikatunta ke bi suna ƙarfafa a ce wa ɗan ƙasa "you". Shafin gwamnatin Birtaniya na intanet ma haka tsarinsa yake: "you must apply" a maimakon dogon zance a kan abin da mai nema zai yi.

Masu talla sun daɗe da sanin ƙarfinta. Hoton Lord Kitchener, ministan yaƙin Birtaniya, na 1914, da na Uncle Sam, zanen dattijon da ke wakiltar Amurka, na 1917, kowanne da yatsa a miƙe yana neman sojoji, a kan wannan kalma suka tsaya.

Ana iya rubuta labari gaba ɗaya da "you"?

Ana yi, ko da yake ba kasafai ba. A nan marubuci ba mai karatu yake kira ba, tauraron labarin ne da kansa ake ce wa "you": ka tashi, ka buɗe ƙofa, ka tarar babu kowa. Jay McInerney ya yi suna da wannan salo a Amurka a 1984. Chimamanda Ngozi Adichie ta yi shi a gajeren labarin da ya ba tarinta na 2009 suna, "The Thing Around Your Neck", labarin wata budurwa, Akunna, da ta ci cacar biza ta tafi Amurka. Tsitsi Dangarembga ta Zimbabuwe ta rubuta littafi cikakke da shi, "This Mournable Body" na 2018, wanda ya kai zagayen ƙarshe na Booker, babbar kyautar adabin Ingilishi, a 2020.

A ganina salon ya fi yin aiki inda tauraron ya zama baƙo ga kansa, saboda kunya ko kaɗaici ko baƙin ciki, har ba ya iya cewa ni. Matar da ke cikin littafin Dangarembga tana aikata abubuwan da ita kanta ba ta son kallo, kuma "you" ɗin tana sa mai karatu ya tsaya inda take tsaye ko yana so ko ba ya so. In babu irin wannan dalili, salon yakan gajiyar da mai karatu bayan 'yan shafuka.

Marubutanmu na Hausa da ke son gwadawa su san cewa Ingilishi yana da wata dama da mu ba mu da ita. "You" tana iya ɓoye jinsin tauraro tsawon shafuka. A Hausa kalmar farko ta tona asiri: ko ka tashi ko kin tashi. Wannan yana rage yadda kowane mai karatu zai sa kansa a ciki, amma yana ƙara kusanci. Labarin da ya buɗe da kin san ba zai dawo ba ya riga ya zaunar da mace a gaban mai karatu tun layin farko.

"Your" da "you're", da kuma "you and I" da "you and me": wanne ne daidai?

"Your" mallaka ce, naka ko taki. "You're" gajarta "you are" ce. In aka warware ta zuwa "you are" jimlar ta yi ma'ana, to "you're" ce ake so. Game da ta biyun, a cire "you and" a ga abin da ya rage. Ana cewa "I went", don haka "you and I went". Ana cewa "he called me", don haka "he called you and me". Bayan "between" kullum "you and me" ce a rubutun jarrabawa. Harafin "u" shi kaɗai kuwa na saƙon waya ne tsakanin abokai, kada ya shiga takardar neman aiki.

Ina fassara sanarwa daga Ingilishi zuwa Hausa. In sa ka, ki ko ku?

Kafin a taɓa alƙalami a tambayi wanda ya ba da aikin: wa zai karanta wannan, kuma shi kaɗai ko cikin jama'a? Marubucin Ingilishi bai taɓa fuskantar wannan tambaya ba, domin harshensa ya yafe masa ita. Mai fassara zuwa Hausa dole ya amsa ta a kowace jimla.

Saƙon asibiti zuwa ga masu awon ciki ki ne, babu wani tunani. Sanarwa ga jama'a, irin ta rediyo ko allon gefen hanya, ku ta fi dacewa, domin ta haɗa maza da mata kuma tana ɗauke da ladabi. Umarni a kan fom, ko a jikin kwalbar magani, ko a manhajar waya, ya fi daɗi da a: a shigar da lambar sirri, a sha bayan an ci abinci. Ka ita kaɗai a saƙon banki da za a tura wa kowa tana barin rabin abokan ciniki a waje, kuma mata suna lura da hakan ko ba su yi magana ba. Dabarar rubuta ka da ki a jere da sanda a tsakani tana wucewa sau ɗaya a kan fom, amma in ta cika shafi ba a iya karanta ta a bayyane, alhali saƙonni da yawa a ƙasarmu wani ne yake karanta wa wani.

In kuwa labari ne ko hira ake fassarawa, sai a bi dangantakar masu maganar. "How are you?" daga jika zuwa kakarsa a gidan da ake ce wa manya ku za ta zama kun wuni lafiya, daga miji zuwa matarsa kin wuni lafiya, daga mai gida zuwa baƙon da bai san matsayinsa ba kuwa an wuni lafiya.